Yadda Ake Tsara Aji Don Kowane Yaro Ya Karanta Da Kansa

Ranar da na gane ajina bai iya karatu ba, ita ce ranar da aka fi yabona. Ina riƙe da 'yan aji biyu a wata firamare da ke gefen garin Sakkwato, yara sun haura 80. Na rubuta jimla huɗu a allo, ina ja suna amsawa, muryarsu har bakin titi. Wani baƙo da ya zo duba makaranta ya tsaya ta taga ya ce, "Madalla Malam, haka ake so." Bayan ya wuce monita ya share allo, ni kuma da wasa na sake ɗora sanda a kan allon da babu komai a jikinsa. Sai yaran nan suka ɗauko jimlolin daga farko har ƙarshe, ba gargada ko ɗaya.

Amshi suke yi, irin na 'yan amshin makaɗi. Abin da zan zayyana a nan duka hanya ce ta raba amshi da karatu: a tsara ajin yadda kowane yaro zai ɗora yatsarsa a kan rubutu, kuma malami ya ji muryarsa shi kaɗai, ko da sau ɗaya ne a mako biyu.

Mataki na farko: gwada su ɗaya bayan ɗaya

Kafin ka matsar da benci ko ka yanka kwali, fara sanin wanda ke gabanka. Samu kwali guda ka raba shi gida huɗu. Gidan farko haruffa 10 a hargitse, kada ka jera su a, b, c, domin wannan ma waƙa ce da suka haddace. Na biyu gaɓoɓi 10 irin su ma, ki, ɗo, tsa. Na uku kalmomi 10 masu sauƙi. Na huɗu ɗan labari mai jimla huɗu ko biyar da kai ka ƙirƙira, wanda ba ya cikin littafinsu.

Ka zauna a bakin ƙofa ko gindin darbejiya, ka riƙa kiransu ɗai-ɗai, sauran kuma ka ba su kwafin rubutu. Fara da gidan kalmomi. In yaro ya karanta mafi yawansu, ka haura da shi zuwa labari; in ya kasa, ka sauko zuwa gaɓa, in nan ma ya cije, ka sauko zuwa harafi. Inda ya tsaya da ƙafarsa nan ne matsayinsa, sai ka rubuta a gaban sunansa a littafin rubutu guda da ka ware don wannan aiki kawai. Irin wannan gwajin ne ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta yi suna da shi, kuma dalilinsa a fili yake: a koyar da yaro daga inda yake, ba daga inda lambar ajinsa ta ce ya kai ba.

Yaro ɗaya yana cin kamar minti biyu. In kana da 80, minti 160 ke nan, wato yara 16 kullum na tsawon kwana biyar. Kada ka ga kamar an ɓata mako. Shi ne makon da ya fi kowane amfani a zangon.

Abu biyu ka kiyaye. Ka ɓoye bulala, domin yaron da ke kallon dorina ko sunansa ba ya iya karantawa. Sannan ka yi haƙuri da 'yan mata. Da yawa za su sunkuyar da kai su ja mayafi, muryar can ƙasan maƙoshi. Kunya ce, ba rashin sani ba, kuma na sha samun wadda ta fi kowa a ajin cikin irin waɗannan. In akwai yaron da Fillanci ko Zabarmanci ake yi a gidansu, ka sa alama a gefen sunansa: matsalarsa wataƙila ma'anar kalma ce, ba harafi ba.

Mataki na biyu: rukuni da wurin zama

Yanzu ka raba su bisa abin da ka gani. Rukuni huɗu sun isa, in wani ya cika yawa ka tsaga shi biyu. Kada ka kuskura ka kira su "masu ƙoƙari" da "na baya". Ba su sunayen garuruwa: Wurno, Kware, Yabo, Gwadabawa. Yara ba wawaye ba ne, za su gane wane rukuni ne gaba, amma aƙalla sunan ba zai bi su gida ba.

Kowane rukuni ka naɗa masa shugaba. Ni jaji nake kiransu, kuma da gangan na ari sunan. A nan ƙasar, tun ƙarni na 19, Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'yan taru: tana karantar da jajoji, ta naɗa musu malfa, su kuma su koma ƙauyuka su karantar da mata. Mutum ɗaya ba ya isar taro, sai ya horar da masu isar masa. Jajin aji aikinsa raba kayan aiki, tattara su, da jan rukuninsa a karatun kati lokacin da kake tare da wani rukunin. Ba a ba shi sanda, ba a ba shi rubuta sunan masu surutu. Kana ba shi wannan iko ka yi asararsa, ya zama ɗan sanda. A riƙa sauya jaji duk wata, kuma a tabbata akwai mata a ciki.

Wajen zama, waɗanda ba su san harafi ba su ne a gaba, kusa da allo da kai. Wannan ya saɓa wa abin da muka saba, inda masu ɗaga hannu ke mamaye layin farko, wanda bai gane ba ya lallaɓa can lungu ya shekara ba a san da shi ba. In benci bai isa ba, a jera su a baya da gefe, a shimfiɗa tabarmi a tsakiya. Ka bar hanya biyu daga allo zuwa bangon baya, faɗin da za ka wuce ba ka taka kowa ba, ka ja musu layi da alli ko gawayi a ƙasa. Ajin da malami ba ya iya kaiwa bayansa, rabinsa kawai yake koyarwa. In maza da mata gefe daban suke zama, to a raba dama da hagu, kada ya zama maza gaba mata baya.

Yaron da ke ƙanƙance ido in yana kallon allo, ko mai juyo da kunne ɗaya, ka dawo da shi gaba ko wane rukuni yake, ka kuma sanar da iyayensa.

Mataki na uku: allo

Allon da ya koɗe ya yi fari ba ya nuna ƙugiyar ɗ da ƙ. A daka gawayi ya yi laushi, a kwaɓa da ruwan ƙaro, kamar dai yadda ake haɗa tawada, a shafa ranar Juma'a bayan tashi ya bushe kafin Litinin. Raba allon gida uku: hagu harafin yau da gaɓoɓinsa, tsakiya kalmomi da jimloli, dama kuma kalmomin mako waɗanda ba a sharewa sai Juma'a. Bayan ka yi rubutu, ka taka zuwa bangon baya ka duba da idonka.

A saman allo ka zana kibiya mai nuna daga hagu zuwa dama, ka sa ɗigo babba a mafarinta. Kusan duk yaranmu da makarantar allo suka fara, hannunsu da idonsu sun saba tashi daga dama. In ka ga yaro ya karanta "an" a wurin "na", ko ya buɗe littafi ta baya, ba dakikanci ba ne, ilimin da ya riga ya samu ne yake aiki. Ka ma yi amfani da shi: ce musu yadda suka yi babbaƙu sannan farfaru, haka boko yake, baƙi ne ake sa wa wasali ya yi magana. Na ga fuskokin yara sun washe da wannan jimla kaɗai.

Mataki na huɗu: kayan aiki na araha

Kwalin taliya ko na sabulu daga masu shago, maka biyu baƙa da ja, almakashi, igiya, ƙusoshi. Yanka katuna kamar tafin hannu, baƙaƙe da baƙar maka, wasula da ja. Kowane rukuni ya samu nasa saitin a leda mai sunansa. Wasula ka yi su da yawa, musamman a, domin ita ta fi yawo a Hausa. In ka yi guda ɗaya, yaro ba zai iya haɗa "makaranta" ba.

Samu buhun siminti ko na shinkafa, a wanke, tela ya ɗinke maka shi layi-layi ya zama aljihuna. Ka rataye shi gefen allo, a nan za a riƙa jera kati ana haɗa gaɓa. Murafun kwalbar lemo ma suna aiki, a rubuta harafi a cikin kowane. Kada ka wahalar da kanka da manna takarda a bango: ƙurar hunturu tana kashe salatif cikin kwana biyu, in kuma ka liƙa da koko ko sitaci ka gayyato gara da kyankyasai. Buga ƙusa biyu, ja igiya, rataya komai. Da an tashi a kwashe a zuba a bokitin fenti mai murfi, musamman in ajin ba ƙofa ko taga.

Wanda bai zo da fensir ba kada ya zauna haka. Ƙasa tana nan. Rukuni guda ya fita gindin bishiya, kowa ya share gabansa ya rubuta da tsinke.

Mataki na biyar: darasin kansa

Nan ne zan daɗe, domin nan ake yin kuskuren da ya fi tsada.

Karatu shi ne darasin farko da safe. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, bayan an dawo tara yaro a ƙarƙashin kwano ba ya riƙe komai. Ka roƙi hedimasta a gyara jadawalin, ba abu ne mai wuya ba.

Kada ka bi jerin a, b, c. Fara da haruffan da ke haifar da kalma nan take. Da a, n, m, k kaɗai yaro zai karanta nama, kama, kaka, mama, kan, har da jimla: "Kaka na nan." Yaron da ya koma gida a mako na biyu ya karanta wa kakarsa wannan, ba sai an kora shi makaranta gobe ba. Harafi biyu a mako sun isa a aji ɗaya.

Koyar da sauti, ba sunan harafi na Turanci ba. Wannan ya rikita yara da yawa. A Turanci sunan e shi ne "i", sunan i kuma "ai", c kuma "si". Yaron da aka cusa wa waƙar nan, in ka ce ya rubuta "ci" sai ya tsaya yana kallonka. A darasin Hausa, c ita ce ta "ciki", e ita ce ta "gero". Hausa tana da sauƙin da Turanci ba shi da shi: wasula biyar ne, kuma galibi yadda aka rubuta haka ake faɗa. Wanda ya kama dabarar haɗa baƙi da wasali a harshen da yake ji, in an zo Turanci ba daga tushe zai fara ba.

Haruffa huɗu ne 'yan rikici: b, d, ɓ, ɗ. Kada ka koyar da biyu daga cikinsu a mako ɗaya. Ka bari ɗaya ya zauna daram, a yi mako biyu ko uku, sannan ka kawo ɗan'uwansa. In sun taru, sai ka gwama su, har da k da ƙ, da kalmomin da ƙugiya kaɗai ta raba: bari da ɓari, baki da baƙi, kaya da ƙaya, kasa da ƙasa, daka da ɗaka. Ka sa su cikin jimla a yi dariya, "Mun yi baki a gidanmu", su da kansu za su ce maka a'a Malam, baƙi ne. Karya-harshen nan na ƙato da kwaɗo da ƙoto ya fi kowane bayani a kan k da ƙ. Su kuma sh da ts, ka rubuta kowannensu a kati ɗaya, ka ce sauti ɗaya ne mai haruffa biyu. Haka kw, gw, ky, gy da 'y in lokacinsu ya zo.

Sai maganar Sakkwatanci. Yaronmu "hita" yake cewa, littafi ya rubuta "fita". Yana cewa "tahi", "hwara", "zamna", "mi", littafi na cewa tafi, fara, zauna, me. Na taɓa ganin malamin da ke dukan yaro a kan wannan, alhali shi ma da ya fita ƙofar aji "mi kac ce?" yake yi. In yaro ya ga "fita" ya ce "hita", ya karanta, har ma ya fahimta, tunda ya mayar da kalmar bakinsa. Ka yaba masa, sannan ka nuna masa f ɗin, ka ce haka ake rubutawa a littafi domin na Kano da na Zariya da mu duk mu karanta abu ɗaya. A wajen shifta ne za ka dage a kan daidaitacciyar Hausa. Ka buɗe wani gefe a igiyar bango mai kati biyu-biyu, "yadda muke faɗa" da "yadda ake rubutawa". Yara suna son su kawo nasu misalan.

Tsarin minti 40 kuwa, ga yadda nake yi. Minti biyar na farko bitar jiya da kati, a hargitse, da sauri. Minti 10 sabon harafi: ni in yi su gani, mu yi tare, sannan su yi su kaɗai. Kashi na ukun nan shi muke tsallakewa, kuma shi ne karatun. A tafa gaɓoɓi, ma-ka-ran-ta tafi huɗu, a haɗa a aljihun buhu. Minti 15 aikin rukuni: jajoji su raba kati ko littafi, kai kuma ka zauna da rukunin da ya fi buƙatarka. Minti 10 na ƙarshe rubutu, harafin yau da kalma biyu ko uku da za ka faɗa su rubuta ba tare da kallon allo ba.

Amshi bai haramta ba, yana da amfaninsa wajen jin sauti. Amma duk lokacin da aka yi shi, ka biyo da gwaji: nuna kalma daga tsakiya, daga ƙarshe, ka tsallaka. Kuma ka daina kiran masu ɗaga hannu kaɗai. Yanka karan dawa gajeru, rubuta lambar kowane yaro, zuba a gwangwani, ka zaro. Wanda ya fito shi ne. In ya kasa, maƙwabcinsa ya taimaka, shi kuma ya maimaita da yatsarsa a kan kalmar.

Don yin shiru, ku yi yarjejeniya da alama ɗaya: ka tafa sau uku, su amsa da biyu su naɗe hannu. Mako guda na horo ya ishe su, maƙogwaronka kuma ya huta.

Mataki na shida: littafi ya shiga hannu

Makarantu da dama a jihar nan sun samu littattafan Mu Karanta na aji ɗaya zuwa uku, ta shirin da aka gudanar a Sakkwato da Bauci da tallafin Amurka. Kafin ka ce babu littafi, ka leƙa sito. Na taɓa tarar da kwalaye a kulle ba a ko yanke igiyarsu ba, wai ana tsoron yara su yaga, gara kuwa ta riga ta fara daga ƙasa. Ka nemi a ba ka, ka sa hannu, ka rubuta lamba a bayan kowane, ka raba wa jajoji adadi sananne. Su ƙirga da safe, su ƙirga a tashi. In littafi ɗaya ne ga yara uku, na tsakiya ya riƙe, a riƙa juyawa. Kafin a fara, ka ce "yatsa a kan kalmar farko", ka bi hanyoyin nan biyu da ka bari ka duba. Nan take za ka ga wanda yake wani shafi daban.

Karatun bibbiyu yana da amfani ƙwarai: ɗaya ya karanta layi, ɗaya ya bi da yatsa, su sauya. Ajin zai yi guna kamar kasuwa, kada abin ya dame ka, in mai wucewa ya yi magana ka gayyato shi ya gani.

In littafin bai isa ba, ku rubuta naku. Ranar Litinin ka tambaye su abin da suka gani: hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Musulmi, lodin albasa, raƙuma a Kasuwar Kara, kamun kifi a gulbin Rima, jar akuyar da ta haihu a gidansu. Su faɗa, ka rubuta jimla biyar gajeru a allo da kalmominsu, ku karanta tare. Da yamma ka kwafe a kwali da manyan haruffa, wani yaro ya yi zane, a ɗinke da zare. Kafin zango ya ƙare kuna da littafi 10, kuma yara sun fi rububinsu a kan na bugawa, don kowa na neman jimlarsa. A rataye su a igiya a lungu guda, a shimfiɗa tabarma, wanda ya gama aiki ya je can. Masu rukunin labari a ba su aro ranar Juma'a su dawo da shi Litinin, jaji ya rubuta.

Sau biyu a mako ka karanta musu labari da kanka, da murya mai rai. Tatsuniya ma ta yi, ko da wani zai tuna maka cewa ba a yin ta da rana. Tsaya a tsakiya ka tambaya: me Gizo zai yi yanzu? Don me Ƙoƙi ta yi shiru? Tambayar da amsarta "e" ko "a'a" ce ba ta nuna maka komai.

Mataki na bakwai: yara takwas kullum

Kowace rana, lokacin rubutu ko farkon tara, ka kira yara takwas, kowa minti ɗaya, ya karanta maka shi kaɗai. A aji mai 80, cikin kwana 10 na makaranta ka zagaye kowa. Rubuta kwanan wata da abu ɗaya tak: "yana musanya b da d", "ta fara haɗa gaɓa", "kalma 14 a minti". Abin da ka ga ya maimaitu a bakin yara biyar, shi ne bitar gobe.

Littafin nan zai kuma tona maka masu fashi. Za ka ga wadda ba ta zuwa ranar kasuwa saboda talla, da wanda ke ɓacewa da an fara shuka. Kai sunayen ga kwamitin makaranta ko mai unguwa, amma in ka samu uban yaro, kada ka fara da ƙorafi. Ka ce, "Alhaji, ga abin da ɗiyarka ta iya," ka miƙa mata kati ta karanta a gabansa. Ga wanda ya dawo bayan doguwar fashi, a haɗa shi da jaji na kwana uku ya cim ma sauran.

Bayan mako shida ka sake gwajin farko da sababbin kalmomi da sabon labari. Wanda ya haura a sauya masa rukuni a gaban kowa, a tafa masa. Wanda gwaji biyu suka same shi a wuri ɗaya, ka ba shi minti 10 na musamman sau uku a mako, ku koma kan wasula biyar da baƙi ukun farko, da murafun kwalba a hannunsa.

In hutu ya zo, a kaɗe katuna da littattafai, a zuba a bokiti, a ɗora a kan tebur nesa da bango da ƙasa. Littafin sunayen kuwa kada ya kwana a makaranta. Ka tafi da shi gida, in shekara ta ƙare ka damƙa shi hannu da hannu ga malamin da zai karɓi yaran a aji na gaba, ku zauna rabin awa ka bi masa sunayen ɗaya bayan ɗaya.